Daga Yaƙin Katin Hoto Zuwa Teburin Mai Waya a Kasuwar Ɗambatta

Wata Lahadi bayan girbi na raka kawuna kasuwar Ɗambatta. Ɗan akuya ya kai ya sayar, niyyarsa ya sauya waya, don tasa ta daina riƙe caji, ga allon ya tsage. Muka tsaya gaban teburin wani mai sayar da wayoyi: ga Itel, ga Tecno, ga Infinix, kowacce cikin kwalinta. Da aka faɗa masa kuɗin mafi arha a cikin manyan, masu shafawar nan, sai ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini. Wannan abu da na masu kuɗi ne, ya sauko har ya zo hannunmu, yanzu kuma yana neman komawa inda ya fito. Wa ke sauko da shi, wa ke hawar da shi?"

Na ce, "Kawu, ai dala ce."

Ya ce, "To a da dalar ce ta sauko da shi?"

Na rasa amsa. Gaskiyarsa ce. A 2001, lokacin da wayar hannu ta shigo Najeriya, dala ɗaya wajen naira 110 take. Daga nan naira ba ta daina faɗuwa ba, amma shekara da shekaru waya tana ƙara arha tana kuma ƙara iya aiki. Ke nan akwai wani abu da ya fi faɗuwar naira ƙarfi a wancan lokaci. Don mu gano shi, mai karatu, sai mun bar kasuwar Ɗambatta na ɗan lokaci, mun leƙa wani yaƙin farashi da aka yi tsakanin kamfanonin da ke ƙera katin hoto na kwamfuta. Wani ɓangare na abin da ke cikin wayar aljihunka daga can ya fito.

Mene ne katin hoto?

Hoton da kake gani a allon waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Allon waya mai arha yakan ƙunshi ɗigo 720 a faɗi, 1,600 a tsawo, wato ɗigo miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin da biyu. Don ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba, sai an sake zana su sau da yawa a daƙiƙa guda. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta gwana ce wajen lissafi mai wuya, amma ɗaya bayan ɗaya take yi. Zanen hoto kuwa lissafi ne mai sauƙi amma mai yawan gaske, kamar dai aikin gayya: ba gwanin manomi ɗaya ake nema ba, hannu ɗari ake so a kan kunya ɗari lokaci guda. Shi ya sa aka ƙera wata ƙwaƙwalwa ta daban don wannan aiki, ana kiranta GPU. A kwamfutar tebur, akan ɗora ta a kan wani allo na musamman mai fanka da memorinsa, a soka shi cikin kwamfutar. Wannan allon shi ne katin hoto.

Ita GPU, kamar duk wata ƙwaƙwalwar lantarki, ƙwaya ce ta silikon, irin wadda masu gyaran waya suke ce wa ai-si. A cikinta akwai makunnai ƙanana da ido ba ya gani, sunansu tiransisto.

Lissafin baduku

Ba ɗaya-ɗaya ake ƙera ƙwayoyin nan ba. Ana ɗauko faifan silikon mai faɗin santimita 30, kamar faifan rufe ƙwarya, a buga zanen ƙwayoyi da yawa a kansa, sannan a yayyanka. Masana'anta a kan faifai take cajin kuɗi. Ko ƙwaya 90 ka fitar ko 900, kuɗin faifan kusan ɗaya ne. Don haka duk wanda ya ƙanƙanta ƙwayarsa, ya rage abin da kowace ɗaya ta ci masa.

Akwai kuma maganar tabo. Duk tsaftar masana'anta, ba a rasa 'yar ƙura ko kuskuren bugu a wasu wurare na faifan, kuma ƙwayar da tabo ya faɗa a kanta ta lalace. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya san wannan lissafi. A ba shi fata mai huda biyar. In manyan jakunkuna zai yanka, guda shida kawai fatar za ta bayar, kuma mai yiwuwa huɗu su fito da huda. In kuwa gidan laya zai yanka, zai sami ɗari, biyar kacal za su ɓaci. Babbar ƙwaya asara biyu take jawowa: ga ta kaɗan a faifai, ga tabo ya fi samunta.

Sai dabara ta uku. Ƙwayar da wani sashenta ya lalace ba a zubar da ita. Akan rufe sashen, a sayar da ita da wani suna a farashi mai sauƙi. Kamar mai surfe ne, tsaba da kuɗinta, tsaki da nasa, dusa ma ba a bar ta ba.

A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa yawan tiransiston da ake iya cusawa a ƙwaya ɗaya yana ninkuwa a kai a kai. A 1975 ya ce ninkin zai riƙa zuwa duk shekara biyu. Ma'anarsa a kasuwa ita ce, aikin da babbar ƙwaya take yi bana, ƙarama za ta yi shi baɗi waccan. Kuɗin ƙira yana sauka ke nan. Amma saukar kuɗin ƙira daban, saukar farashi daban. Kamfani ba ya rage wa mai saye sai in akwai wanda zai ƙwace masa shi.

Kamfanin da ya sayi masana'anta ya mutu

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni gommai ne ke ƙera ƙwayoyin hoto: S3, Matrox, Trident, Rendition, ATI na Kanada wanda aka kafa a 1985, da Nvidia na Amurka wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993. A 1996 wani ƙaramin kamfani mai suna 3dfx ya fito da ƙwayar Voodoo, ya sha gaban kowa wajen wasannin kwamfuta. Sa'a ma ta taimake shi, don a daidai lokacin farashin memori ya faɗi warwas, katin da a da sai gidajen wasa suke iya saye ya zama mutum zai iya sa wa kwamfutarsa a gida.

Tsarin kasuwar a lokacin shi ne, 3dfx ya zana ƙwaya, wata masana'anta ta buga, sannan kamfanoni irin su Diamond da Creative su saya su haɗa kati su sayar. A ƙarshen 1998 sai 3dfx ya ga me zai sa ya bar wa wasu ribar haɗa kati. Ya sayi kamfanin STB, mai masana'anta a Juarez ta ƙasar Meziko, ya ce daga yau shi zai haɗa katinsa da kansa. Abokan cinikinsa na jiya suka wayi gari ya zama kishiyarsu, da yawansu suka kwashe suka koma wurin Nvidia.

Shi kuwa Nvidia bai ɗora wa kansa nauyin masana'anta ba. Zane kawai yake yi, ya kai wa TSMC na Taiwan, kamfanin da Morris Chang ya kafa a 1987 don buga wa wasu ƙwayoyinsu. Masu haɗa kati kuma suna ta karya wa juna farashi a kan ƙwayarsa. Ya fitar da RIVA 128 a 1997, GeForce 256 a 1999, yana sako sabuwa kusan duk wata shida. Katin 3dfx na ƙarshe da ya shiga kasuwa da ƙarfi, Voodoo5, ya makara, kuma sai da aka ɗora masa ƙwaya biyu kafin ya iya karawa da ƙwaya ɗaya ta abokin gaba. A Disambar 2000, 3dfx ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. Shekara huɗu kacal tsakanin sarauta da rufe shago.

Bazarar 2008

Bayan ƙura ta lafa, manya biyu suka rage: Nvidia da ATI, wanda AMD ya saye a 2006 kan dala biliyan 5.4. Karawarsu ta watan Yunin 2008 ita ce misali mafi kyau na lissafin baduku.

Nvidia ya ƙera ƙatuwar ƙwaya mai tiransisto biliyan 1.4, faɗinta murabba'in milimita 576. Ya sa ta a katin GTX 280, ya yanka masa dala 649. Waɗanda suka sami tabo ya rufe musu sashe, daga ma'aikatan lissafi 240 zuwa 192, ya kira su GTX 260 a kan dala 399. Injiniyoyin AMD kuwa sun yanke shawarar ba za su nemi kambun wanda ya fi kowa gudu ba. Suka ƙera ƙwaya mai tiransisto miliyan 956, faɗinta wajen murabba'in milimita 260, ƙasa da rabin ta Nvidia. Duka biyun TSMC ne ya buga su.

Mu yi lissafin tare. Faifai mai santimita 30 yana da fili kusan murabba'in milimita 70,700. In ka cire gefe-gefen da ke tafiya a banza saboda faifan da'ira ne ƙwaya kuma mai kusurwa huɗu, ƙatuwar za ta fito kusan 95, ƙaramar kuwa kusan 230. Ba a ma zo maganar tabo ba.

Kwanaki kaɗan bayan fitowar katin Nvidia, AMD ya saki Radeon HD 4850 a dala 199 da HD 4870 a dala 299. Masu gwaji suka ga na dala 299 yana kafaɗa da kafaɗa da na dala 399. Kafin wata guda ya cika, GTX 280 ya sauko zuwa dala 499, GTX 260 zuwa 299. Ba abin da ya canza a masana'anta cikin makonnin nan. Dala 150 ɗin tana nan tun farko, kishiya ce ta fito da ita daga aljihun kamfani zuwa na mai saye. Su masu saye, gaba ta kai su.

Yadda ragowar yaƙin ta faɗo aljihunmu

To me ya haɗa wannan da wayar kawu? Waɗanda ba su samu wurin zama a kasuwar manyan katuna ba, sai suka koma ƙera ƙananan GPU masu cin wuta kaɗan. PowerVR na kamfanin Imagination a Ingila ya kara da su 3dfx da Nvidia a kwamfuta, ya janye a farkon shekarun 2000, ya koma wayoyi, har iPhone ta farko a 2007 da shi ta fito. Wani ƙaramin kamfani a Norwe mai suna Falanx ya ƙera Mali, ARM ya saye shi a 2006. A Janairun 2009 AMD ya sayar wa Qualcomm sashensa na hoton wayoyi kan dala miliyan 65. GPU ɗin Qualcomm sunansa Adreno, kuma in ka jujjuya haruffan za ka ga Radeon ne.

Imagination da ARM ba sa sayar da kati, ba sa ma buga ƙwaya. Zane suke bayarwa haya. Mai ƙera ƙwayar waya ya karɓi zanen GPU, ya haɗa da babbar ƙwaƙwalwa, da sashen kama sabis, da na buɗe bidiyo, da na kyamara, duk a ƙwaya ɗaya da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Abin da a da sai ai-si biyar ko shida, kowace da kuɗinta da wurinta a allo, ya koma guda.

Gwanin wannan haɗi shi ne MediaTek na Taiwan, wanda aka kafa a 1997. Da ƙwayoyin na'urar CD da DVD ya fara, irin na'urorin da muka taso muna kallon finafinan Hausa da su. A 2004 ya shiga harkar waya da wata dabara: ba ƙwaya kaɗai zai sayar maka ba, har da zanen allon wayar da manhajarta, komai a shirye. Kai dai ka nemo gida da batir da allo. Aikin da a da sai kamfani mai injiniyoyi ɗaruruwa, ya zama ƙaramin shago a birnin Shenzhen na ƙasar Sin zai iya. Daga nan 'yar Caina ta fito, mai layi biyu, mai lasifika kamar ta masallaci, wata har da eriyar talabijin.

Daga layin dubbai zuwa Tecno

A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar GSM, kowanne dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan, layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Layi kaɗai a farkon nan ya haura naira 10,000, kuma kira ko na daƙiƙa biyar ne kuɗin minti guda za a cire. Sai da Glo ya shigo a Agustan 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sannan sauran suka bi sahu. Darasin 2008 ke nan tun kafin 2008.

Ta ɓangaren wayar kanta, Nokia ce sarauniya. Nokia 1100 ta 2003, mai tocila a ka, wadda irinta matasa suka laƙaba wa rakani-kashi, an sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Ina yaro, a garinmu wayoyin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma akwai wata bishiyar darbejiya a bakin gari da ake zuwa ƙarƙashinta neman sabis. 'Yar Caina ta zo ta karya farashi, amma ta zo da nata ciwon: yau ka saya, wata uku ta mutu, ba ka san wanda za ka kama ba.

Wannan giɓin Transsion ya gani. Zhu Zhaojiang ya kafa kamfanin a 2006, a 2008 ya tattara hankalinsa kan Afirka, Najeriya na cikin wuraren da ya fara. Ya ɗauki ƙwayoyi masu arha irin na 'yar Caina, ya sa musu suna tsayayye, Tecno, da wurin gyara, Carlcare. Ya duba abin da mai saye a nan yake bukata: layi biyu saboda sabis ba tabbas, batir mai daɗewa saboda wanda sai ya biya mai caji, kyamara da aka daidaita don baƙar fata, da harsunan gida ciki har da Hausa. Ya buɗe masana'antar haɗawa a Habasha a 2011. Nokia ta sayar wa Microsoft sashen wayarta a 2014, kuma a 2017 Transsion ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Daga Farm Centre da titin Beirut a Kano kayan suke bazuwa zuwa Bichi, Ɗambatta, Kunci da Makoɗa, tare da sana'o'in da suka haifa: mai caji, mai tura finafinai a memori, mai gyara, mai POS.

A ina aka rage kuɗin?

Ɗauki waya mai arha ka duba bayananta. Da yawa za ka ga ƙwayar Unisoc SC9863A ko MediaTek Helio A22, kuma GPU ɗin da ke cikin duka biyun PowerVR ne, wato jikan wanda ya kara da Voodoo. Ita SC9863A da fasahar nanomita 28 ake buga ta, wadda TSMC ya fara aiki da ita tun 2011. Injinan irin wannan masana'anta sun daɗe da mayar da kuɗinsu, tabo ya ragu ƙwarai, faifai ya yi arha. Sauran ragin a bayyane yake: gidan roba, allo mai ɗigo 720, memori kaɗan, da Android Go, wadda Google ya rage wa nauyi don irin waɗannan wayoyi.

Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a nan ma haka ne. Ƙarancin memori shi ke sa waya ta fara sanƙarewa bayan shekara, in manhajoji suka ƙara nauyi. Wayoyi masu arha kuma ba su cika samun sabunta manhajar tsaro na dogon lokaci ba, alhali a cikinsu mutane suke ajiye asusun banki. In za ka saya, yawan memori ya fi yawan idanun kyamarar da ke baya muhimmanci.

Me ya sa abin ya juya?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko, ƙanƙanta tiransisto ya yi tsada. Masana'antar zamani tana cin dala biliyan goma ko fiye, kuma masana da yawa na ganin tun daga nanomita 28 kuɗin kowane tiransisto ya daina sauka kamar da. A Satumbar 2022 Jensen Huang da kansa ya ce dokar Moore ta mutu, yana kare tsadar sabbin katunansa. RTX 4090 ya fito a dala 1,599, RTX 5090 kuma a dala 1,999 a Janairun 2025.

Na biyu, kishiya ta yi rauni, kuma an sami mai saye da ya fi mu kuɗi. A 'yan shekarun nan kusan kashi 90 cikin 100 na katunan hoto na Nvidia ne. Masu haƙar kuɗin kirifto sun wawashe katuna a 2021, daga baya kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka zo suna sayen GPU ɗaya a dala dubbai gommai. Masana'antu da masu ƙera memori, wanda ya fi biya suke fara sallama.

Na uku shi ne wanda na faɗa wa kawu. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A da saukar kuɗin ƙira tana shanye faɗuwar naira ba mu ji ba. Yanzu saukar ta yi sanyi, faɗuwar kuma ta yi tsanani, shi ya sa ta bayyana a teburin mai waya.

Akwai kuma abin da kawu bai sani ba lokacin da yake ɗaga wannan kwali yana ajiye wancan. Itel da Tecno da Infinix uwa ɗaya uba ɗaya suke, duk na Transsion ne, kuma kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Kowacce an yanka mata aljihun da za ta nema, don kada su ci kasuwar juna. Gasar gaske tana zuwa ne daga waje, daga Redmi na Xiaomi, ƙananan Samsung, Realme da makamantansu. Ƙarfinsu a kasuwanninmu shi zai nuna ko ragin da ake samu a masana'anta zai iso mana, ko zai tsaya a hanya kamar dala 150 ɗin nan kafin AMD ya fito.

A ƙarshe kawu bai sayi sabuwa ba. Mun kai tsohuwar wurin mai gyara, aka sauya batir da allo, ragowar kuɗin akuya ya ce taki zai saya. A hanyar komawa gida, a kan babur, na yi masa bayanin baduku da fata mai huda. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato dai in dillali ɗaya ne a kasuwa, akuyarka ba ta da daraja, in kuma mai saida taki ɗaya ne, kuɗinka ba su da daraja." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "To ai wannan ba sai an je jami'a ba."